Mai gadi ya kore ni daga hanyar bakin teku a Ingila

Barista, ina karatu a Ingila. Ran Asabar na fita tattaki a gaɓar teku a yankin Devon, hanya ta bi ta jikin katangar wani ƙasaitaccen gida. Sai mai gadi ya fito ya ce in juya, wai filin maigidansa ne, ya nuna mini allon da ke cewa za a gurfanar da duk wanda ya shiga. Ina da gaskiya?

Ɗan'uwa, allon nan yawanci barazana ce. A Ingila, taka filin wani ba tare da izini ba magana ce ta ƙarar diyya tsakaninka da mai fili, ba laifin da 'yan sanda ke kama mutum a kai ba, sai fa in ka yi ɓarna ko ka tsaya hana mutane aikinsu. Amma mai fili yana iya cewa ka fita. Abin tambaya shi ne, ƙafarka a ina take lokacin da ya tare ka?

In kana kan hanyar ƙafa ta jama'a, wadda ake sa wa kibiya rawaya a jikin turke, ba shi da hurumin korarka, ko da hanyar ta ratsa filinsa. Ƙasar tasa ce, wucewa kuma haƙƙinka ne. Majalisar gundumar Devon tana da taswirar hukuma ta irin waɗannan hanyoyi, ita kotu ke dubawa. Dokar hanyoyi ta 1980 ta mai da toshe su laifi, wata doka ta 1949 kuma ta haramta kafa allon ƙarya don tsorata masu wucewa.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne dokar 2009, wadda ta haifar da hanyar da ke zagaye gaɓar Ingila, kimanin mil 2,700, da aka raɗa wa sunan Sarki Charles a 2023. A wuraren da aka buɗe ta, kana iya yawo a filin da ke tsakanin hanya da ruwa. Sai dai dokar ta cire gine-gine da harabarsu da lambuna. Shi ya sa za ka ga hanya na tafiya lafiya lau a bakin ruwa, tana isa gidan wani attajiri sai ta karkata cikin tudu ta kewaye shi. Ganin teku a gabanka bai ba ka izinin ratsa lambun mutum ba.

Ni dai ba zan ba ka shawarar cacar baki da mai gadi ba, shi ma aiko shi aka yi. Ka duba taswirar majalisar a intanet. In hanyar na ciki, ka koma ka ɗauki hoton allon da wurin daga kan hanya, ka rubuta rana da lokaci, ka aika wa sashen kula da hanyoyin jama'a. In akwai ƙofa a kulle ko shinge kuma majalisa ta yi shiru, kana iya miƙa mata takardar gargaɗi, daga nan ka wuce kotun majistare ta tilasta mata cirewa.