Boksi ko dafar: wace mota ta dace da bakaniken da ke bin gonaki?

Tambaya: Usta, salamu alaikum. Ni bakanike ne a Gadarif ta ƙasar Sudan, shekarata 9 a gareji. Yawancin masu kawo mini aiki manyan manoma ne, kuma kukansu ɗaya ne kullum: tarakta ko injin girbi ya mutu a tsakiyar gona, babu halin jawo shi gari. Na tara ɗan abin da na tara, ina so in sayi motar da zan zuba kayan aiki in riƙa bin su har gona. Wasu sun ce in sayi Hilux boksi, wato a-kori-kura, mai ƙofa huɗu, wasu sun ce dafar, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, wani abokina kuma ya ce kada in kalli komai sai Land Cruiser. Ina da injin walda mai janareta, da kwampreso, da yara biyu da ke aiki a hannuna. Wace zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa wa wannan niyya albarka. Manomin da taraktarsa ta tsaya a makon shuka, duk ranar da ta wuce shi ta wuce ke nan sai baɗi, don haka wanda zai iso masa da sufana kafin rana ta faɗi ba zai rasa ciniki a ƙasar Gadarif ba. Na ji daɗin tambayar, domin na ga mutanen kirki da yawa sun shiga wannan sana'a sun fita da bashi, kuma yawanci ba hannunsu ne ya gaza ba, motar da suka saya ce ta cinye su.

Kafin ka taka wurin dillalan mota, fito da duk kayan da kake tunanin tafiya da su, ka ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya, irin sikelin da ake auna buhunan riɗi da dawa. Ka rubuta kowanne a takarda. Wannan takardar ce za ta zaɓa maka mota.

Ga dalili. Boksi irin Hilux an yi ta ne ta ɗauki kusan tan 1, wato kilo 1,000, kuma a cikin wannan lissafin har da kai da duk wanda ya zauna a gaba. Buhun dawa 11 ke nan, in ka lissafa buhu a kan kilo 90. Mu gwada da kayan da suka yi kama da naka. Kai da yaranka biyu, a ce kilo 200. Injin walda mai janareta, a ce 200. Kwampreso 100. Akwatunan sufana da soket da hamomi 150. Ganga ɗaya ta man gas, wato dizal, mai lita 200, da nauyin gangar kanta, tana kusan 190. Jarka biyu ta ruwa, 40. Tukunyar iskar oksijin da ta gas ɗin yanka ƙarfe, 130. Jak, da sarƙar ɗaga inji da ƙafafunta, 100. Manyan batura biyu na tayar da tarakta, 80. Sai ƙarafa da akwatunan da mai walda zai haɗa maka a bayan motar, waɗanda kowa ke mantawa da su, a ce 150. Ka tara: kilo 1,340. Ba ka saka bakin mai ba, ba ka saka kayan gyara ko ɗaya ba, ba ka saka safaya ta biyu ba, ka riga ka haura da kusan buhu huɗu.

Za ka ce ai kullum kana ganin boksi ɗauke da abin da ya fi wannan a hanyar Doka. Gaskiya ne. Amma mai ɗaukar kaya yana sauke su in ya isa, motar ta huta, ta dawo wayam. Taka ba za ta taɓa hutawa ba. Kayan suna kanta dare da rana, shekara da shekaru, a kan hanyar da tarakta ta tattaka da damina ta bushe ta zama kamar haƙarƙari. Abin da ke fara bayarwa sifirin ne, sai boris ɗin ƙafafun baya, sai taya ta riƙa fashewa da zafin rana, daga ƙarshe shasi ya lanƙwashe daidai tsakanin kan mota da bodi. Birki kuma tun ranar farko ya daina kamawa yadda aka yi shi. Ƙara ganyen sifirin yana ɗaga bayan motar ta yi kyan gani, amma bai ƙara wa aksil ƙarfi ba, bai ƙara wa birki komai ba.

Kowace mota tana da ɗan faranti a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ɗakin inji, wanda aka rubuta iyakar nauyinta gaba ɗaya. Kai ta babban sikelin motoci babu kaya, tanki cike, ka cire abin da sikeli ya nuna daga abin da ke kan farantin. Abin da ya rage shi ne naka. Ni nakan ce a bar kamar kashi ɗaya cikin biyar na wannan a sarari, domin akwai ranar da za ka ɗauko kan silinda ko giyabos ɗin wani zuwa gari.

Da wannan lissafin, mai ƙofa huɗu ta fita. Mota ce mai daɗi ga iyali, amma kujerun baya sun cinye tsawon bodi, sun ci wani abu daga nauyin da za ta ɗauka, kuma mafi muni, ɗan bodin da ya rage yawancinsa yana bisa aksil na baya ne ko bayansa. In ka ɗora injin walda can, gaban mota ya yi sauƙi, sitiyari ya riƙa yawo, shasi ya riƙa karɓar duka a wuri guda. Mai ƙofa biyu tana ba ka dogon bodi, ka jera masu nauyi a jikin kan mota, gaban aksil. Yaro ɗaya ya bi ka, ɗayan ya tsare gareji, domin garejin ma bai kamata ya rufe ba.

Dafar, wato irin su Canter da Isuzu NPR, ita ce amsar matsalar nauyi. Tana ɗaukar tan 3 ba tare da ta yi nishi ba, za ka kafa tebur da bais, wato mamatsin ƙarfe, a bayanta, ka ɗauki ganga biyu, ka sa ƙarfen ɗaga inji na dindindin. Kanta yana kifewa gaba, inji ya fito fili. Da a ce aikinka a kan kwalta ne, kana bin manyan motocin da ke lalacewa tsakanin Gadarif da Fao ko hanyar Kasala, da ban yi dogon bayani ba, da na ce dafar kawai. Haka ma lokacin girbin dawa, in ƙasa ta bushe, babu inda ba za ta kai ka ba.

Matsalarta damina ce, kuma ka fi ni sanin baƙar lakar nan tamu. Da rani ta tsattsage har ƙafar mutum ta shige, in ta sha ruwa kuma ta koma kamar danƙo. Yawancin dafar ƙafafun baya kaɗai ke ja, kuma tayoyin baya bibbiyu ne a haɗe. Laka tana cusa tsakaninsu ta cika, su zama sulɓi, motar ta zauna a kan cikinta. Fitar da dafar mai kaya daga taɓo aikin yini ne da tarakta, kuma taraktar da za ta ja ka ita ce wadda ka zo gyarawa.

Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce, a wane wata kuɗinka yake? Ka buɗe littafin garejinka na shekara biyu ka duba. In kiran gaggawa ya fi yawa a Yuli da Agusta, lokacin shuka da noman farko, to boksi mai ƙofa biyu mai jan ƙafa huɗu ce motarka, sai ka rage kaya su dace da ita. In kuwa ya fi yawa daga Oktoba zuwa Janairu, kan injinan girbi da motocin kwasar amfani, dafar za ta fi yi maka hidima. Daga yadda ka faro da tarakta a tambayarka, na fi karkata ga boksi.

Kada ka ɗauka jan ƙafa huɗu yana nufin ko'ina. Bayan ruwa mai ƙarfi akwai wuraren da tarakta kaɗai ke shiga. Shi ya sa nake son kayan hannu su kasance a akwatuna uku ko huɗu da mutum biyu za su iya saukewa. Ka tsaya inda hanya ta ƙare, mai gona ya aiko da tirela, ka sauya kaya, ka bar motarka a kan tudu.

Land Cruiser da abokinka ya ambata, a wajen ƙarfi babu abin da zan ce. Injinta 1HZ, silinda 6, lita 4.2, ba ya neman kwamfuta, kuma shasinta ya fi na Hilux jure duka. Amma ba zan ba ka shawarar ta ba a wannan lokaci. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, wannan motar da ake kira tatsha ta zama motar masu bindiga, kuma ita ce aka fi ƙwacewa. Mutum mai yawo shi da yaro a daji, da dare wani lokaci, bai kamata ya hau abin da ke jan ido a kowane shinge ba. Kuɗinta ma zai sayi boksi ya cika ta da kaya. Ko boksin, in ka saya, ka bar ta ta yi kama da abin da take: a rubuta sunan gareji da lambar waya a ƙofa da manyan baƙaƙe, kayan aiki su fito fili.

Batun inji kuma man da za ta sha ne ke yanke shi. Ka sayi mai shan man gas, domin a kowane kambo, wato sansanin ma'aikatan gona, akwai man tarakta, fetur kuwa sai gari. Amma man ganga yakan zo da ruwa da ƙura. Tsofaffin injinan Hilux, 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0, ba su da gudu, ba su da turbo, amma suna haƙuri da irin wannan mai, kuma fanfon mansu akwai masu gyara shi a gari. Sababbin, 2KD da 2GD, sun fi ƙarfi sun fi tsimin mai, sai dai nozul ɗinsu na aiki da matsi mai tsananin yawa ta ƙananan ramuka, ruwa kaɗan ya isa ya kashe su, kuma ba gyaran gindin bishiya ba ne. In sabon inji ka samu, ka ƙara filta mai raba ruwa kafin na asali, ka riƙa tace mai duk lokacin da za ka zuba daga ganga. In tsohon ne, ka canja bel ɗin taimin a makon farko ko da mai sayarwa ya rantse sabo ne. Ana canja shi a kusan kilomita 100,000, kuma in ya tsinke, bawul da fistin ne za su haɗu.

Akwai gwajin da nake yi kafin in ba kowa shawarar wata mota. In shiga kasuwar kayan gyara in tambayi abu biyar nata: fanfon ruwa, farantin kuloci, babban ganyen sifirin, boris ɗin ƙafa, da filtar mai. In na zaga shago uku ban haɗa su ba, na bar motar komai arharta. Araha ba ta ado, kuma bakaniken da motarsa ke kan dutse tana jiran kaya daga Bor Sudan, abokan cinikinsa suna kiran wani.

Duba inji ba sai na koya maka ba. Ka je da sassafe ka tayar da shi da sanyinsa, ka buɗe murfin bakin mai ka ga ko yana huci. Abin da 'yan'uwanmu ke sakaci da shi ƙarƙashin mota ne. Ka kwanta da tocila ka bi shasi daga gaba har baya, ka nemi tabon walda, ko faci, ko wurin da aka shafa sabon fenti shi kaɗai. Ka sa ta a jan ƙafa huɗu a kan ƙasa, babba da ƙaramar giya, ka saurara. Ka kuma hau da ita doguwar hanya da tsakar rana idonka a kan allurar zafi, domin lagireton da ya yi lafiya a Disamba ba lalle ya kai ka ƙarshen Afrilu ba, sa'ad da zafi ke haura digiri 40.

Takardu kuwa, a nan ina roƙonka kada ka yi kunyar kowa. Motocin da aka ƙwace wa masu su a wannan yaƙi suna yawo a kasuwanni da takardun bogi. Ka karanta lambar shasi da ta inji da idonka, ka ga babu alamar gurzawa ko sake bugawa, ka je ofishin 'yan sandan hanya tare da mai sayarwa a tabbatar, a canja suna, sannan kuɗi ya fita daga hannunka. Ban da asarar da za ka yi ranar da mai ita ya gane ta, haƙƙin wani bawan Allah ne za ka riƙa neman abinci a kai.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kan motar. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu don tayoyi masu ɗaukar kaya, safaya biyu, gyaran farko, da haɗa bodi. Wajen haɗawar, mai walda ya yi amfani da ƙarfe mara kauri inda ba a bukatar kauri, kuma a ɗaure komai da noti a jikin bodi, kada a yi walda a kan shasi. Tukwanen gas su tsaya a tsaye, a ɗaure da sarƙa, a inuwa, kuma tukunyar iska kada ta kusanci giris ko tsumman mai, domin haɗuwarsu kaɗai tana tayar da wuta. Abin kashe gobara ya zauna inda hannu zai kai gare shi daga ƙasa, musamman lokacin girbi da za ka yi walda a tsakiyar busasshen kara.

Don ka rage nauyi ya sauko wajen tan 1, ganga ta koma jarka uku, batir ɗaya ya isa, sarƙar ɗaga inji ta zauna a gareji sai ranar da aka ce maka aikin sauke inji ne. In ka gama awon, ka aiko mini da abin da ke kan takardar da irin motocin da ka gani, mu sake lissafi tare kafin ka ba da kafin alƙalami.