Masu kallo na son a riƙa fito da editanmu, shi kuma ba ya so

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne daga Unguwar Rimi a nan Kaduna. Mu uku ne muke da tasha a YouTube da shafi a Facebook kan wasannin bidiyo, musamman eFootball da FC da Call of Duty Mobile, muna sharhi da Hausa. Ni da abokina muke fitowa, na ukunmu kuwa shi ke riƙe kyamara, shi ke tace bidiyo. Kwanakin baya abokina bai zo ba, sai editan ya zauna muka buga, ya kuma cinye ni. Tun daga ranar masu kallo suka dame mu da roƙon a riƙa fito da shi, amma ya ce ba ya so. Ba ni da halin biyansa albashi sai ɗan kuɗin data da na mota, shi ya sa nake ganin idan ya yi suna ai ya samu ladan wahalarsa. Wani mai koyar da harkar intanet ya ce mana idan ba mu biya wa masu kallo buƙatarsu ba YouTube zai daina tura bidiyonmu. Hankalina a tashe yake, ina tsoron tashar ta mutu, ina kuma tsoron in rasa shi. In matsa masa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka matsa masa, kuma ka kwantar da hankalinka, domin tasharka ba za ta mutu saboda ƙin fitowar mutum ɗaya ba. Hanyar da ta fi saurin kashe ta ita ce ka ɓata wa wanda yake tace bidiyon rai har ya tattara kwamfutarsa ya tafi.

Maganar wancan mai koyarwar ka watsar da ita. Babu wani tsari a YouTube da ke karanta roƙon masu sharhi sannan ya hukunta tashar da ta ƙi amsawa. Abin da kamfanin da kansa ya bayyana yana dubawa shi ne ko mutane suna danna bidiyon idan an nuna musu, da tsawon lokacin da suke zama a kansa, da alamun da ke nuna sun gamsu. Irin waɗannan malaman sun cika zaurukan WhatsApp na garin nan, suna karɓar kuɗin rajista daga yara suna sayar musu da jita-jita, kuma mafi yawansu ba su taɓa zama sun tace bidiyon minti biyar da hannunsu ba. Tunda kana shiga YouTube Studio, wato sashen da mai tasha ke ganin alƙaluman bidiyoyinsa, ka buɗe jadawalin da ke nuna inda masu kallo suke tsayawa da inda suke ficewa, ka kwatanta bidiyon da editan ya fito da wasu bidiyoyinku masu tsawo iri ɗaya. Masu rubuta sharhi 'yan kaɗan ne daga cikin masu kallo, kuma su ne mafi zumuɗi. Mai yiwuwa ma abin da ya burge su shi ne ganin an cinye mai tasha a gaban jama'a, wanda kowane gwani daga shagon gem na unguwarku zai iya yi.

Abin da ya same ku sananne ne a wannan sana'a. Shafin wasannin bidiyo na Giant Bomb, wanda Jeff Gerstmann da Ryan Davis suka kafa a Amurka a 2008, ya yi fice da al'adar fito da ma'aikatan bayan kyamara gaban masu kallo. Vinny Caravella aikin shirya bidiyo aka ɗauke shi, amma a hankali ya zama ɗaya daga cikin fuskokin da masu kallo suka fi ƙauna, har a 2021 shi da abokan aikinsa biyu suka fita suka kafa nasu mai suna Nextlander. Danny O'Dwyer ma mai shirya bidiyo ne a shafin wasanni na GameSpot kafin ya bar su a 2016 ya kafa tasharsa mai suna Noclip da tallafin masu kallo. Masu son a tura edita gaban kyamara irin waɗannan labaran suke kafa hujja da su, sai dai suna tsallake abu biyu. Waɗannan mutane ma'aikatan kamfani ne da ake biya tun kafin fuskarsu ta fito, kuma da yardarsu suka fito. Akwai kuma labarin Drew Scanlon, shi ma mai shirya bidiyo a Giant Bomb. A wani shiri na 2013 kyamara ta kama shi yana ƙifta ido cikin mamaki, sai a 2017 wannan ɗan guntun hoton ya bazu duniya, har yau mutanen da ba su san sunansa ba suna aika wa juna shi. Shi ya karɓi abin hannu bibbiyu, yana ma amfani da shi wajen tara gudummawar yaƙi da wata cutar jijiyoyi, amma babu wanda ya nemi izininsa kafin a yaɗa, kuma babu yadda zai yi ya janye.

Yanzu bari in zo kan jimlar da ta fi tayar mini da hankali a wasiƙarka, inda ka ce idan ya yi suna ai ya samu ladan wahalarsa. Wannan magana kullum sai na ji ta daga bakin masu tashoshi, daga Kawo har Barnawa, kuma ita ce ta raba abokai da yawa da suka fara aiki tare da zuciya ɗaya. Suna ba ya zama albashi, kuma wanda ya ce ba ya son suna ba a biyansa da abin da ya ƙi.

Ka dubi yadda aikin yake a zahiri. Kai da abokinka kuna zama awa ɗaya ku buga wasa, ku yi raha, ku tashi. Shi kuwa tun kafin ku zo ya saita fitila da makirufo, ya tabbatar hoton wasan yana shiga kwamfuta ba tare da tsinkewa ba. Bayan kun tafi sai ya zauna ya daidaita muryoyinku da hoton, ya yanke inda kuka yi shiru da inda kuka yi ta maimaita magana, ya rage ƙarar janareton maƙwabta, ya tsara hoton bangon da zai sa mutum ya danna, sannan ya jira wuta ta dawo ya fitar da bidiyon, ya ɗora shi da tsakar dare lokacin da intanet ya fi sauri. Bidiyon minti goma yana iya cinye masa yini guda. Sabon mai kallo da ya tsaya har ƙarshe bai san cewa wannan yankan ne ya riƙe shi ba, sai ya ɗauka barkwancinku ne kawai. Idan yanzu ka ɗora masa fitowa a kan wannan duka, aiki biyu ka ba shi a kan kuɗin data ɗaya, kuma a ranar da yake zaune gaban kyamara babu mai sauraren sauti. Masu kallo suna haƙuri da hoto mai duhu, amma ba sa haƙuri da murya mai kwaramniya.

Sai maganar kuɗi, wadda matasanmu suke jin kunyar yi har sai ta zama rigima. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Idan an shiga tsarin, mai tasha yana samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogayen bidiyo, kuma ba a turo kuɗin sai sun kai dala 100. Abin lura shi ne asusun AdSense, wanda ta cikinsa YouTube ke biyan kuɗin talla, da sunan mai karɓa ɗaya ake buɗe shi, kuɗin kuma banki ɗaya suke faɗawa. Ko fuskar editanka ta fito a kowane bidiyo, kwabo ba zai shiga aljihunsa ba sai abin da mai asusun ya ga dama ya miƙa masa. Haka ma tallan da masu sayar da waya ko masu shirya gasa za su kawo, wanda ke riƙe da shafin suke kira. To ina ladan da sunan ya jawo masa? Abin da zai samu shi ne yara su riƙa tare shi a bakin titi suna neman ya saya musu data, saboda sun ɗauka duk wanda ke fitowa a YouTube yana cikin daloli.

Wannan zaton na cewa mai fitowa a bidiyo attajiri ne ba abin wasa ba ne a jihar da ta sha fama da masu garkuwa da mutane. Idan mutum ya ce ba ya son a san fuskarsa, ba dole ne ya zayyana maka dalili ba. Wataƙila mahaifinsa bai yarda a gan shi yana buga gem a bainar jama'a ba, wataƙila yana neman aikin gwamnati ko yana neman aure a gidan da za su yi masa wata fassara, wataƙila kuma halinsa ne kawai ba ya son idon mutane. Duk waɗannan dalilai ne masu ƙarfi, kuma shi zai zauna da sakamakon abin bayan masu sharhin sun manta sun koma wata tashar. Doka ma tana bayansa, domin a ƙarƙashin dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 hoton da za a iya gane mutum da shi yana cikin bayanansa na kansa, YouTube kuma yana da hanyar da mutum zai kai ƙorafi a cire bidiyon da aka nuna shi ba da yardarsa ba. Don haka ka guji dabarar nan da wasu ke yi ta juya kyamara kansa ba zato ana dariya, da sunan wasa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda wannan tunani ya mayar da aikin bayan kyamara kamar zauren jira, wai mutum yana nan ne kafin Allah ya ɗaga shi ya zama mai gabatarwa. Kaduna gari ne da ya san darajar wannan aiki, tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a nan a 1962. Masu ɗaukar hoto da masu haɗa sauti da yawa sun yi aiki har suka yi ritaya jama'a ba su san kamanninsu ba, amma babu shirin da ya taɓa fita ba da hannunsu ba, kuma albashi ake biyansu. Tace bidiyo sana'a ce mai cin gashin kanta, wadda yau ake nema a wajen biki da kamfen da tallan 'yan kasuwa. Editanka yana iya samun a bikin aure ɗaya abin da tasharku ba ta ba shi a wata uku ba. Zamansa tare da ku alheri yake yi muku. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya umarce mu da mu ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma ladan da ake nufi shi ne abin da aka yi yarjejeniya a kai, wanda shi ma'aikacin ya yarda da shi.

Saboda haka ku zauna ku uku a wannan makon, kafin kuɗi su fara shigowa, domin rabo ya fi sauƙi lokacin da babu abin rabawa. Ku rubuta a takarda kason kowa daga kuɗin talla da na masu ɗaukar nauyi, da wanda ya mallaki kyamara da kwamfuta, da abin da zai faru da tsofaffin bidiyoyi idan ɗaya ya fita. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ɗauki wanda ya yi tanadin shirya bidiyo a matsayin mawallafinsa sai idan waɗanda suka yi aikin sun ƙulla wata yarjejeniya dabam, kuma miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce, don haka alkawarin baki ba zai kare kowa a cikinku ba. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, ko da yayyenku ne. A cikin saitin tashar kuma ka ba shi matsayin manaja ko edita da adireshinsa na imel, maimakon ku riƙa yawo da kalmar sirri ɗaya a tsakaninku.

Bayan an gama wannan ne za ka iya sake tambayarsa, sau ɗaya, ko akwai wata hanyar da zai yarda masu kallo su san da shi. Akwai matakai tsakanin ɓoyewa gaba ɗaya da zama a kujerar gaba. Za a iya rubuta sunan da ya zaɓa a ƙarshen kowane bidiyo da cikin bayanin da ke ƙasa. Za a iya ba shi makirufo ya riƙa jefa magana daga bayan kyamara, wanda sau da yawa ya fi fitowar ma daɗi, domin masu kallo suna son muryar da ke gyara wa mai gabatarwa kuskure. Za a iya nuna hannayensa kawai a kan hannun gem idan ana gasa tsakaninku. Idan da kansa ya ce zai fito, to a tsayar da rana, kamar sau ɗaya a wata, a kafa kyamara a kan ƙafarta, abokinka ya sa abin sauraro a kunne ya kula da sauti, kuma a bar masa ikon yanke duk inda bai so ba, tunda dama shi ke tacewa.

Su kuma masu kallo ka faɗa musu gaskiya a bidiyo na gaba cikin jimla biyu: kun ji roƙonsu, mutumin ya fi son aikinsa na bayan kyamara, kuma duk bidiyon da suka ji daɗinsa aikin hannunsa ne. Kada ka ce musu su ci gaba da roƙo wataƙila ya sauko, kada kuma ka buɗe ƙuri'a a kan maganar, domin hakan tura masa taron jama'a ne. Idan wani ya fara saka sunansa na gaskiya ko unguwarsu ko lambar wayarsa a cikin sharhi, ka goge nan take, ka kuma sa waɗannan kalmomin cikin jerin waɗanda tashar ke toshewa.