Ku Tambaya Mu Amsa: Shin Ƙaramin Gidan Tarihin Jirgin Ƙasa na Legas Ya Cancanci Ziyara?

Tambaya: Ni malami ne a wata kwalejin koyar da sana'o'i a Zariya, kuma za mu kai ɗalibai Legas yawon buɗe ido na kwana uku. An ba ni labarin wani ƙaramin gidan tarihin jirgin ƙasa a Ebute Metta, amma abokan aikina suna ganin ɓata lokaci ne, tunda ba wani babban wuri ba ne. Mene ne shawararku?

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan kishi. Wurin da aka ba ka labari shi ne Jaekel House, wanda yake cikin harabar Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a Ebute Metta. An gina shi a 1898, ya fara zama gidan babban manajan reluwe, daga baya aka sa masa sunan Francis Jaekel, wani Bature da ya daɗe yana aiki da hukumar. Ƙungiyar Legacy 1995, mai aikin adana kayan tarihi, ce ke kula da shi, kuma an gyara shi a 2010. A ciki akwai tsofaffin hotuna da kayan aikin ma'aikatan reluwe na da.

Abokan aikinka sun yi gaskiya cewa wurin ƙarami ne, amma shawarata ita ce ku je, domin ƙanƙantarsa ce za ta ba ɗalibi damar tsayawa a gaban abu guda har ya fahimce shi. Tun kafin su shiga, ka tsayar da su a waje su dubi ginin da kansa, da faffaɗar barandarsa da manyan tagoginsa, sannan ka tambaye su yadda aka yi gidan yake samun iska a zamanin da babu na'urar sanyaya ɗaki.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka tafi da tef na awo, kuma da izinin masu kula da harabar, ka sa ɗalibai biyu su durƙusa su auna tazarar da ke tsakanin ƙarafan tsohon layin dogo. Za su samu ƙafa 3 da inci 6, wato milimita 1,067, alhali sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 faɗinsa milimita 1,435 ne. Daga nan tambaya za ta taso da kanta: me ya sa Turawan mulkin mallaka suka zaɓi siririn layi? Dalilin shi ne ya fi arha wajen shimfiɗawa, kuma yana iya shan kwana mai tsanani ba tare da an fasa duwatsu da yawa ba, sai dai jirgin da ke bisa kansa ba ya iya gudu sosai. Wannan darasi ne da zai zauna a ran yaro fiye da abin da za a rubuta masa a allo.

Kada ɗalibanka su ɗauka tarihin mutanen kudu kaɗai suke kallo. Layin da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya kai Jebba a 1909, inda aka riƙa tsallakar da taragu a kan jirgin ruwa kafin a kammala gadar kogin Neja. A ɗaya ɓangaren kuma, layin da ya taso daga Baro, wani gari a bakin kogin Neja, ya iso Kano a 1911, ya ratso ta Zariyarku, kuma shi ne ya buɗe ƙofar cinikin gyaɗar da ya kai ga dalar gyaɗa ta Kano.

Ka tuntuɓi masu kula da gidan tun kafin ku baro gida, ka faɗa musu yawan ɗaliban, ka kuma kasa su rukuni-rukuni saboda ɗakunan ba za su ɗauki aji guda a lokaci ɗaya ba. Idan kun dawo kuma, ku shirya zuwa gidan tarihi na Jos, inda aka ajiye kawunan jiragen tsohon layin da ya haɗa Zariya da filayen haƙar kuza na yankin Jos, wanda faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, aka kuma rufe shi a 1957. Can ma ku tafi da tef ɗin.