'Yan tsakina ba ƙwari

Tambaya: Malam, dussar gero kawai nake ba kajina. Suna ƙyanƙyashewa, amma 'yan tsakin ba ƙwari, wasu yatsunsu a nannaɗe. Me ya jawo? Uwargida daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Hajiya, daga uwar abin ya faro. Kwana 21 da ɗan tsako ke yi cikin ƙwai, abin da uwa ta tara a gwaiduwa yake ci, har bayan fitowarsa da kwana biyu. Dussa ita kaɗai ba ta wadatar da uwar. Nannaɗewar yatsu kan zo ne daga ƙarancin bitamin B2. Ni kajina, ina kwaɓa musu dussar da tsala, in ƙara ƙuli-ƙuli, ganyen zogale da dakakken ƙashi. Zafinmu na Afrilu yana hana su ci, ki zuba musu tun da asuba.