Amsa ga yarona kan sabon gini a tsohon gari

Ɗana, ka tambaye ni yadda magini yake gane ginin da bai dace da tsohon gari ba, kana zaton laifin siminti da kwano ne. Na sha ganin gidan bulo ya zauna lafiya a tsohuwar unguwa, don haka ni ba kayan aiki nake fara dubawa ba, abin da ginin ya yi wa maƙwabtansa nake dubawa.

Je ka tsaya gaban gidan tarihi na Kanta a nan Argungu, wanda fadar Sarkin Kabi ce har 1942, kafin a buɗe shi ga jama'a a 1958. Za ka ga tsofaffin gine-gine suna tafiya da awo ɗaya, domin azara, wato itacen giginya da ake jerawa a rufi, ba ta ɗaukar rufin ƙasa fiye da kamar ƙafa shida sai an tallafe ta, shi ya sa manyanmu suke ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, idan ana son zaure mai faɗi. Rodi ya kawar da wannan iyaka, amma benen da ya haye kan zauren fada ya raina na gaba da shi, idan kuma tagoginsa suna leƙa tsakar gidan mutane, ya keta sutura, komai kyan fentinsa.

Abin da masu zane a takarda suka fi mantawa shi ne ruwa. Indararon soro yana cilla ruwa nesa da gindin bango. Kwano kuwa, idan aka karkata shi wajen maƙwabci, aka kuma cike harsashin sabon gidan har ya fi lungu tudu, duk ruwan damina gindin tubali zai koma, ya riƙa cinsa daga ƙasa har katanga ta zauna. Haka yaɓen siminti a kan bangon ƙasa: yana riƙe danshi a ciki, ya ɓamɓare da fatar bangon, alhali makuba, wato yaɓen gargajiya da ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, tana barin bango ya sha iska.

Zankwayen siminti, wato tsinayen ado na saman soro, da ake ɗorawa a kan shaguna ba su sa ni sassauta hukunci, kwalliya ce kawai. Gobe kafin mu ja igiya a filin nan, ka auno mini faɗin lungun da tsayin katangar maƙwabta, ka kuma tambayi dattawan unguwar inda ruwa yake bi a watan Agusta.