Amsa: Maido da bayanai yana tsayawa a ajiyar Laraba

Ɗan'uwa, ka ce ka yi cikakkiyar ajiya (kwafin duk bayanan kwamfutarka) ranar Lahadi, kullum kana yin ajiyar ƙari, amma maidowa tana tsayawa a ta Laraba. Dalili shi ne ajiyar ƙari ba ta ɗaukar komai sai abin da ya canza tun ajiyar da ta gabace ta. Sarƙa ce: ta Alhamis tana dogara da ta Laraba, ta Laraba da ta Talata, har zuwa Lahadi. Idan ɗaya ta lalace, duk na bayanta sun rasa madogara.

Da farko, kada ka sake rubuta komai a faifan ajiyar. Kwafe fayilolin zuwa wani faifai, ka yi aiki a kan kwafin. Sannan duba girman fayil ɗin Laraba. Idan ya yi ƙanƙanta ainun, wataƙila an katse aikin ko faifan ya cika a ranar. Idan manhajar ajiyar ta adana lambar SHA-256 (lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil don gane ko ya canza), gwada ta da wadda fayil ɗin ke bayarwa yanzu.

Sau da yawa fayil ɗin lafiya yake, kundin da manhajar ke bin jerin da shi ne ya rikice, musamman idan an canza sunan fayil ko wurinsa. Mayar da fayilolin ajiyar cikin folda guda da sunayensu na asali, ka sa manhajar ta sake gina kundin.

Idan ta Laraba ta lalace da gaske, maido har zuwa Talata a faifai daban. Bayan haka ka gwada ciro fayiloli ɗaya-ɗaya daga ta Alhamis. Wannan yana yiwuwa ne idan manhajar tana adana fayil sukutum, ba gutsuren faifai ba.