Amsa ga malamar aji biyu mai yara 70 da benci 14

Malama, sannu da ƙoƙari. Kin ce an ba ki aji biyu na firamare, yara 70, benci 14, kullum kina tashi da dusasshiyar murya, kuma ki duba ki ga ba a koyi abin kirki ba. A takarda dai Manufar Ilimi ta Ƙasa yara 35 ta ware wa malami ɗaya a firamare, ke nan aikin mutum biyu kike yi. Amma yawancin surutun nan ba rashin ji ba ne. Yaro ɗan shekara bakwai in hannunsa ba aiki, bakinsa zai samo nasa. Don haka abin da za ki farauta shi ne lokutan da suke zaune ba su san me ake jira ba.

Fara da wurin zama. Benci 14, yara huɗu huɗu, 56 ke nan. Ragowar 14 su zauna a tabarma a gaba, ba a baya ba, don wanda ke ƙasa a bayan benci ba abin da yake gani sai ƙeyar 'yan'uwansa. Ki bar hanya biyu da za ki iya bi har bangon baya ba tare da kin tsallake kowa ba, domin duk kusurwar da ƙafarki ba ta zuwa, nan ake kafa kasuwa. Gajeru gaba, dogaye baya, amma da togaciya: wanda yake ƙanƙance ido in yana kallon allo, da wanda sai kin kira sau biyu yake waiwayowa, su dawo gaba ko da sun fi kowa tsawo. Sau da yawa irin waɗannan ake kira daƙiƙai, alhali ido ne ko kunne. Ki rubuta harafi a allo, ki je ki zauna a bencin ƙarshe ki gani da idonki. In hasken taga yana kashe wani gefen allon, ki daina rubutu a wurin.

Daga nan ki raba su rukuni. Benci biyu, na gaba da na bayansa, rukuni ɗaya mai yara takwas. In lokacin aiki ya yi, na gaba su juyo kawai. 'Yan tabarma rukuni biyu, bakwai bakwai. Rukuni tara ke nan, kowanne da sunansa da shugabansa, ana sauya shugaban duk mako, ana kuma karɓa-karɓar zaman tabarmar, in ba haka ba iyaye za su zo miki da ƙorafi, kuma da gaskiyarsu. Shugaba shi ke raba littafi da fensir, shi ke tarawa, shi ke faɗa miki wa bai zo ba. Kiran suna 70 ɗaya bayan ɗaya yana cin kusan minti shida, a nan ne ma hayaniyar safe ke farawa. Ki ba su aikin kwafa daga allo, ki zaga ki cike rajista da hannunki.

Monita mai bulala ko mai rubuta sunan masu surutu, ban ba ki shawara ba. Ƙarshensa a saye shi da gyaɗa da alewa, ko a tare shi a hanya bayan an tashi.

Batun murya kuma, ki daina gasa da su, sun fi ki yawa. Ki zaɓi alama ɗaya: ki tafa sau uku, su amsa da tafi uku, su naɗe hannu, ido a kanki. Kada ki furta ko kalma ɗaya sai an yi tsit. Mako biyun farko ki koyar da wannan tamkar darasi, tare da yadda ake shiga aji a layi, da yadda ake neman izinin bayan gida (kati ɗaya na kwali a rataye bakin ƙofa, in babu shi a wurin, ba mai fita). Fensir a fiƙe shi kafin darasi, a ajiye a gwangwanin rukuni, reza kuwa kada ta shiga hannun yaro.

Darasin minti 35, kada bayaninki ya wuce goma. Biyar a tuna na jiya, goma sabon abu, sha biyar su yi da hannunsu kina zagawa, biyar a duba tare. Lissafi da karatu ki roƙi hedimasta a sa su kafin a fita tara, musamman a Maris da Afrilu da kwano ke ɗaukar zafi. A gefen allo kullum a sami ƙarin aiki na wanda ya riga gamawa, don masu ƙoƙarin ne kan fara tsokana.

Inda aka fi ruɗuwa shi ne amshi. Ki ce "ba be bi bo bu", aji ya ɗauka kamar rufin zai yaye, ki ji daɗi. Amma yara goma ne ke karantawa, sauran bin baki suke. Nuna gaɓoɓin a hargitse, ki tambayi yaro ɗaya shi kaɗai, nan za ki san gaskiya. Ki riƙa gwada goma a rana, minti ɗaya kowanne, cikin kwana bakwai kin san wanda bai san harafi ba, wanda ya iya gaɓa, da mai karanta kalma. Sai a lokacin karatu ki haɗa kowa da 'yan matakinsa. Wannan dabarar ƙungiyar Pratham ce ta yaɗa ta a Indiya, an kuma yi aiki da ita a makarantun Borno. Sai dai kada sunan rukuni ya tona wa yaro asiri.

Makin littafi 70 a dare ɗaya ba zai ɗore ba. Rukuni biyu a rana, zuwa ranar Juma'a kin ga hannun kowa. Bayan tara ki sake ƙirga kai, don wasu daga nan suke sulalewa talla, ranar kasuwa ma abin ya fi yawa. Yaron da ya yi fashin kwana uku a jere, ki miƙa sunansa ga hedimasta, a sa kwamitin gudanarwa na makaranta da na iyaye su bi gidansu. Ta hannunsu kuma za ki nemi ƙarin tabarmi kafin hunturu ya shigo, siminti ya yi sanyi.